Ƙirga Biyar

Talata da Alhamis, bayan la'asar,
Keke Napep kan tsaya ƙofar gidanmu a Bolari,
Malama Rifkatu ta sauko da jakarta mai mataccen zif,
ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa.
Ba ta taɓa neman kujera ba.
Ta ce inda Ukasha yake, nan ne aji.

Shekararsa biyar, bai taɓa ce min Baba ba.
Murafun kwalba ne mutanensa,
yakan jera su daga gindin randa har ƙofar madafi,
ja bayan ja, shuɗi bayan shuɗi.
In kaza ta ture ɗaya, sai unguwa ta ji.

An sha rubutu, an yi hayaƙi,
gwaggona ta taso daga Kumo da ƙullin saiwa.
Likita a asibitin koyarwa ya faɗi wani suna mai nauyi a baki,
na rubuta a bayan rasit,
na kawo gida, na rasa inda zan ajiye.

Ita da fensir ta zo.
Makon farko ba ta koyar da komai ba, sai tambaya:
"Kafin ya buga kansa da bango, me ya faru?
Da ya buga, me kuka yi?"
Na ce, "Muka ba shi abin da yake so mana."
Ta rubuta, ba ta ɗago ba.
Ni da kaina na ji amsar tawa.

Bakanike ne ni, hannuna bai iya jira ba,
da na ji ƙara a inji na kai sifana.
Sai ga shi ana ce min,
"Riƙe kofin, bari ya gani, ƙirga biyar a zuci."
Ɗaya, yana kallon kofin.
Biyu, leɓensa na rawa.
Uku, uwarsa ta juya baya
tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.
Huɗu ta fi zuwa Dukku a ƙasa nisa.
A biyar Malama ta ɗora hannunta kan nasa,
ta kai shi ga kati mai hoton kofi,
ya miƙo, na ba shi ruwa,
ta yi masa tafi da yatsu biyu, don ƙara na damunsa.

A hankali hannun nata ya bar tafinsa,
ya koma wuyan hannu, ya koma gwiwa,
ya koma inuwa a kan tabarma.

Wanke hannu ashe hawa bakwai ne.
Mun manna su a bango kusa da buta,
yayarsa Hajjo ce mai sa alama a takarda,
kuma ba ta yi wa kowa alfarma.

Akwai makon da zazzaɓi ya rushe komai,
ya yayyaga katin, ya ciji uwarsa a kafaɗa.
Akwai watan da kuɗin Malama da kuɗin haya
suka yi karo a ƙofa, haya ta ba da hanya.
Na taɓa tambayarta yaushe zai daina kaɗa hannuwa.
Ta ce, "Wa yake cutarwa?"
Na nemi mutum ɗaya ban samu ba.

Jiya ba Talata ba ce, ba Alhamis ba.
Na dawo da baƙin mai har gwiwa,
na ɗebi ruwa zan sha, ya zo ya tsaya.
Katin na can kan taga, bai duba shi ba.
Ban san ina ƙirgawa ba sai da na kai uku,
ya buɗe baki ya ce, "Uwa."

Ni na ce ruwa yake nufi.
Uwarsa ta ce ita ya kira, tana kuka tana rantsuwa.
Muna cikin gardama ya shanye, ya koma wurin murafunsa.
Hajjo ta lashi fensir,
ta sa alama biyu.