Ɓera Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ƙarfe tara na dare, Barnawa ta yi tsit,
sai janareton Dogara ke tari a bayan gini.
Na sa safar hannu, na ɗauko shi daga keji.
Bai kai nauyin ƙwan zabo ba.
An rubuta masa goma sha bakwai a wutsiya.

Ya shaƙi iskar barci, ya saki jiki.
Na kwantar da shi rigingine kan faranti mai ɗumi,
na aske masa ciki, na shafa mai,
na ɗora bakin na'ura a hankali
kamar mai taɓa maɗigar jariri.

Na'urar nan jemage ce:
tana kira da muryar da kunnena ba ya ji,
tana jiran amsa-kuwwa daga cikin tsoka.
Sai ga ta a allo, fari da baƙi,
jijiya siririya kamar tsinken tsintsiya,
tana buɗewa, tana tsukewa,
sau ɗari huɗu da wani abu a minti guda.

Aikina awo.
Ɗigo ɗaya kusa da zuciya, wani can ƙasan ƙoda,
in ga yaushe bugu ya taso, yaushe ya isa.
Jijiya mai laushi takan tsai da baƙo,
ta ba shi wuri, ta taka masa.
Mai tauri ba ta san sannu da zuwa ba,
sai ya wuce fuu, kamar tirela a gadar Kawo.

Wata uku muna ɗura masa gishiri da kitse.
Yau lissafi ya ce gudun ya ƙaru.
Na rubuta rabi, biro ya tsaya a hannuna.

Da asuba na baro Baba a Kakuri,
mutumin da ya ba masaƙa shekara ashirin da shida
har ranar da aka sa wa ƙofarta kwaɗo.
Yana murza ƙeya yana cewa ba komai.
Ƙwayar hawan jini na aljihun 'yar shara tun Talata,
wai miya ba gishiri ai ruwan wanke-wanke ce.
Akwai tiyon da ya manta a rana bayan ɗaki,
ranar da na lanƙwasa shi, tsagewa ya yi.

Ba wanda ya tambayi goma sha bakwai ko ya yarda.
Na sani.
Shi ya sa nake goge masa ciki da auduga mai ɗumi
fiye da yadda takarda ta ce.
Gashin bakinsa ya motsa.
Ya miƙe, ya yi tangaɗi, ya nufi ruwa.

Dogara ya leƙo: "Malama, mai ya kusa ƙarewa."
Saura shida a keji.

Na kira gida. Sai da ta yi ƙara sau biyar.
"Kin ci abinci kuwa?" in ji shi.
Na maƙale waya a kafaɗa,
na ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna,
ina ƙirgawa,
yana ba ni labarin tsadar gawayi.