Ɗan Guntun Kunne

Ƙarfe biyar na asuba a Monroe,
dusar ƙanƙara ta toshe rabin ƙofar garke.
Na shiga da fitila a goshi, ƙarfen huda a aljihu.
Maruƙa goma sha tara, haihuwar wata guda,
numfashinsu na tashi kamar tururin tukunya.

Ɗan guntun kunne kawai nake cira,
da ƙyar ya fi ƙwayar dawa.
In jefa a kwalba, in manna lamba,
mota ta kwasa zuwa ɗakin gwaji.
Can za a warware zaren halitta
a karanta abin da uwa ta bayar, abin da uba ya ɗora,
da abin da kakanni suka binne a jini
ba su faɗa wa kowa ba.

Bayan mako uku Lorna Zweifel ta kira ni kicin,
kofi na huci, kwamfuta a buɗe.
Yatsanta na bin layi:
wannan nononta zai yi maiƙo,
wannan hantsarta ba ta saurin kumburi,
wannan 'ya'yanta za su zo ba ƙaho.
Ashe Juma'ar da za ta yi kyau
yanzu ba a jiran Laraba.

Na tuna kakana Mati a karar Wudil.
Yakan zagaya bijimi sau uku bai ce uffan ba,
ya murza tozo, ya ɗaga leɓe ya ƙirga haƙori,
ya tambayi dillali wace ce uwarsa,
dillali ya rantse, kowa ya san rantsuwar dillali.
Sai ya biya, ya jira shekara huɗu
kafin ya san ko ya dace.
Sau da yawa ya dace.
Sau ɗaya gonar fadama ta tafi.

A can ƙasan jerin, lamba arba'in da bakwai.
Na san ta.
Ita ce mai farin goshi, mai tsotsar hannun rigata,
wadda ke miƙewa tun ƙyaure bai gama ƙara ba.
Babu layin wannan a takardar.
Abin da ke ciki: ƙafa mai rauni, nono kaɗan.

Lorna ta cire tabarau ta murza ido.
Ta ce mahaifinta ya bi zuciyarsa shekara talatin,
guragun shanu ya bar mata, da bashin banki.
Ban yi musu ba.
Lissafin bai yi ƙarya ba, na gani a garken bara.

Ranar Alhamis mai saye ya zo da tirela.
Ni na riƙe igiyar.
Ta hau ba gardama, ta juyo tana laluben hannun rigata,
hasken fitila ya ratsa ɗan ramin kunnenta.

Na koma ciki. Sha takwas na jiran madara,
kuma jar saniyar can ta fara naƙuda.