Fim a Wayar Yaya Haladu

Naira ɗari Yaya Haladu ya biya
a shagon caji na bakin tasha, aka tura masa fim.
Da dare muka jingina wayar da ƙwaryar fura,
mu tara a tabarma ɗaya, har da Kaka da carbinta.

Labarin wani uba ne mai tumbi, da usur a wuya,
ya rantse sai ɗansa ya buga ƙwallo a Turai.
Yana auna masa tuwo a sikeli,
yana bin sa a babur yana ihu,
har ya afka kwata da babbar riga.

Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
“Ku ga sakarai!” in ji shi, yana dukan cinya,
“ya ɗora wa jaki kayan raƙumi!”
Inna ta ja bakin zane ta rufe baki.
Lawandi yana can gefe, yana tonon ƙasa da tsinke.

Mu dai mun san tunkiyar da aka kai Gujungu bara,
ta dawo gida a leda, ta zama takalmin ƙwallo,
lamba arba’in da huɗu
a ƙafar ɗan shekara goma sha huɗu.
Aka cusa tsumma a ciki,
wai zai girma ya tarar da shi.

Mun san mai tashinsa da sallame asuba,
a yi ta gudu a gaɓar fadama, kwaɗi na watsewa,
Baba a keke a baya, yana haki yana lissafi:
bene mai hawa biyu, rijiyar burtsatse,
kujerar Makka ta Kaka,
da injin niƙa, don Inna ta huta da taɓarya.

Shi kuwa Lawandi in ya daki ƙwallo
gonar Malam Ilu take nufa.
Sau uku muna biyan kuɗin tumatir.

Amma ba shi farin wata da dandali,
bari ya kamo ƙafa ɗaya ta baya.
A langa, in shi ne ruwa,
ƙattin Unguwar Rimi su shida ba sa tare shi.
Ya kauce nan, ya ɓulla can, kamar tarwaɗa a hannu,
kafin ka juya an ce ya sha.
Baba ya ce wasan gurguwar kaza ne,
wa ya taɓa gina bene da ƙafa ɗaya?

Ana daf da ƙarshe, yaron fim ya tsaya gaban ubansa,
ya buɗe baki zai yi magana,
sai waya ta yi ƙyaf, ta mutu.
Duhu. Sai kukan gyare da tarin akuya.

Haladu ya ce ai a ƙarshe ya ci kofi.
Kaka ta ce ƙarya ne, uban ya tuba.
Inna ta ce a tashi a kai kwanuka.
Baba ya laluba hularsa, ya daɗe yana kakkaɓe ta,
ya ce, “To, me yaron zai ce?”
Babu wanda ya amsa.
Na ji Lawandi ya karya tsinkensa.

Da asuba ba a taɓa keke ba.
Na fita zuba wa kaji dusa,
sai na hangi mutum a bayan rumbu,
ya naɗe wando, ya riƙe ƙafar hagu da hannun dama.
Tsalle ɗaya. Biyu.
A na uku ya zube kan karan dawa.

Lawandi na kan katanga, bai yi dariya ba.
Ya ce, “Baba, kada ka dubi ƙasa. Dubi gabanka.”
Baba ya miƙe yana cire ƙaiƙayi a gemu,
ya ce, “Ƙasar nan ce ba daidai ba.”

Takalmin yana nan rataye a ƙusa.
Zanzaro ta yi ɗaki a na dama.