Ƙwallon Dabino Goma Sha Biyu

Jitar nan ba gadonta na ci ba.
Wani ɗan bautar ƙasa ne ya bar ta jingina
a rumfata ta faci, bakin hanyar Miga,
kan kuɗin taya biyu.
Damina biyu ke nan, bai waiwayo ba.

Ran da na sauko da ita daga ƙusa
kwana na yi ina yaƙushinta kamar mai bin bashi.
Gari ya waye, yatsuna huɗu sun yi bororo,
ko bawul na kasa murɗawa.
Na mayar da ita. Sati uku cur
gizo-gizo kaɗai ke taɓa tsirkiyarta.

Baba Sallau, da ya ajiye gurmi tun rasuwar matarsa,
ya kawo keke a sa masa iska.
Ya dubi ƙusa, ya dubi hannuna, ya murmusa:
"Ilu, ka taɓa ganin mai albasa
ya juye wa fangali ruwan wata guda a yini ɗaya?
Kullum kaɗan. Kullum ɗin ce wuyar."
Ya laluba aljihu, ya zube mini a tafi
ƙwallon dabino goma sha biyu.

Ga yadda nake yi yanzu.

Bayan asuba, kafin mai koko ta fito,
in bi tsirkiya shida, ɗaya bayan ɗaya,
har su daina yi mini ƙarya.
Ta ƙasan can wayar birki ce,
ta asalin ta tsinke da bazara.
Akwai taurin kai, amma muna shiri.

Sai tafiyar yatsu,
manuni, na tsakiya, na zobe, ɗan auta,
gida-gida, kamar hawainiya a reshe.
Ɗan autan nan malalaci ne,
shi nake fara tasa, shi ke fara kwanciya.

Sai kamu biyu. Biyu rak.
In tashi daga wannan, in sauka a wancan.
In sauti ya fita tas, ba zizar ƙudan zuma,
ƙwallo ɗaya ya bar aljihun dama, ya koma hagu.
In na yi tuntuɓe, dukkansu su dawo gida.
Akwai safiyar da ban wuce uku ba.
Na so in watsa wa awaki. Ban watsa ba.

Agogo? Ina da Gwamma a bayan katanga.
Taɓaryarta ba ta sauri, ba ta nawa,
dum, dum, gero na raba mini lokaci.
In na riga ta, na yi garaje,
in ta bar ni, na yi gyangyaɗi.
Ta gama surfe, ni ma in rataye,
ko da daɗin bai ƙare ba,
don ragowar daɗin ce ke tashina gobe.

Ran kasuwar Jahun ba sarari,
babura a layi, kowa tayarsa ta sace.
Duk da haka bayan isha'i nakan ɗauko ta,
ko na tsawon tafasar shayi ne,
kada yatsu su manta hanyar gida.

Zanen gawayi a ƙyaure ya kai saba'in da ɗaya.
Bororo ya zama kanta.
Har yau ban iya kiɗa ɗaya daga kai zuwa gindi ba.
Amma shekaranjiya da na ɓace, na tsaya cak,
sai na ji taɓarya ta tsaya a sama,
tana jira.
Murya ta tsallako katanga:
"Mai faci, ci gaba mana, geron bai yi ba."

Jiya da la'asar Baba Sallau ya zo, ba keke.
Ya zauna kan tsohuwar taya,
gurmi a hammata, fatarsa duk ta saki.
Ya daɗe yana kallon hanya,
sannan ya miƙo hannu:
"Ara mini ƙwallo shida.
Nawa yatsun ma sun manta."