Littafin da Gara Ta Riga Mu Karantawa

Cikin kwalin da motar ilimi ta sauke
wata Laraba, ana tsakar yankan gero,
akwai wani littafi marar bango.
Gara ta riga mu karanta shafi goma na farko.

Malam Lurwanu ya kaɗe shi a gwiwa,
ya gyara tabaraunsa mai ƙafa ɗaya,
ya ce, "Tarihin wani wasa ne, besbol."
Muka ce, "Na'am?"
Ilu ya leƙa ta bayan kafaɗarsa,
ya ce, "Ai kulki ne da ƙwallo."
Sunan da ya bi wasan ke nan a garinmu.

Hotunan duk baƙi da fari.
Wani ƙato ya ɗaga sanda kamar ya ga kububuwa,
ƙarƙashinsa lambobi jere kamar kunyar gyaɗa.
Malam ya ce kowane bugu an ƙidaya shi,
kowane gudu, kowace faɗuwa,
har na waɗanda ƙasa ta rufe wa ido
tun kakansa bai san hanyar gona ba.

Dokokin na cikin abin da gara ta ci,
sai muka ƙera namu.
Ƙodagon goruba, aka naɗe shi da tsumma,
aka ɗaure da robar tayar keke.
Ƙotar fartanya ta zama kulki.
Matsaya huɗu: bulo, kututturen gawo,
murfin tukunya, da takalmin Cindo,
wanda kullum yake gudu ƙafa ɗaya a ƙasa.

Ba wanda ke jifa kamar Kyauta mai awara.
Bahaguwa ce.
Ta ajiye bokiti, ta goge mai a zane,
ƙwallo ya taho kamar zai ci kunnenka,
sai ya karkace.
Mu bakwai ta zaunar rana ɗaya,
muka sayi awara da kuɗin kunya.

Sai ranar Ilu.
Har yanzu ina jin ƙarar a haƙorina.
Ƙodago ya tashi, ya wuce tsamiyar makaranta,
zabin Baba Jatau suka watse da kururuwa,
Ilu ya manta da gudu,
ya tsaya baki buɗe sai da muka tura shi.

Malam ya rubuta a bayan rajistar aji biyar:
suna, rana, taku ɗari da sha huɗu.
Ya kwafe a takarda mai layi,
ya ba direban da ke zuwa Dutse
ya miƙa wa masu labarin wasanni.

Asabar biyar muka kewaye rediyo
a gindin teburin mai shayi.
Aka ba mu labarin gwiwar wani a Ingila,
ta kumbura, ta sace, ta sake kumbura.
A ta shida batir ya mutu,
ba wanda ya ce a sayo wani.

Malam ya koma ga Mahalicci shekarun baya.
Rajista kuwa, damina ta sha ta
daren da iska ta yaye kwanon ofis.
Littafin yana wurina, saura rabi.
Ƙaton nan yana nan da lambobinsa,
bai rasa ko ɗaya ba.

Ran kasuwar Gujungu na iske Ilu,
yana facin taya, furfura a gemu.
Na ce, "Taku nawa ne?"
Ya ce, "Ɗari biyu, ko fi."
Na kira Kyauta a waya, tana Ringim da jikoki,
ta yi dariya har da tari,
ta ce, "Ta gefen tsamiya ya bi, ba ta sama ba,
kuma hannuna akwai mai ran nan."

Na dawo gida na rubuta duka biyun
a gefen shafin da gara ta bari.