Ƙafar da Ba Ta Kai Ƙara

Ƙara na ji, ban ji zafi ba.
Kamar an taka busasshen kara a ɗaki na kusa,
har na waiga ina neman wanda ya taka.
Ni kaɗai ne, da keken guragu, da gado,
da safa ɗaya a hannuna.
Safa! Shekara goma sha huɗu bayan ƙugiyar tashar jiragen ruwa
ta sako mini buhunan gishiri a gadon baya,
abin da ya karya mini cinya
shi ne na tanƙwara ƙafa zan sa safa.

Na ci abincin dare. Na yi barci.
Ƙafar ba ta kai ƙara ba;
tun da waya ta tsinke tsakaninmu
ba ta aiko mini saƙo.
Sai da asuba kai ya ɗau sara,
gumi ya jiƙe ni daga wuya zuwa sama,
ƙanwata Ondina ta yaye bargo
ta ga gwiwa ta zama kabewa,
ta ce, Eleuterio, wannan ba kwanciyar lafiya ba ce.

Valparaíso gari ne na matakala.
Maƙwabta huɗu suka sauko da ni daga tudu,
teku a ƙasa tana wanke duwatsunta, ba ruwanta.

A asibiti wani saurayi mai farar riga
ya ɗaga hoton ƙashina ga fitila,
ya ce wa na kusa da shi,
yana zaton kunnena ma ya shanye:
Me za a gyara? Ai ba tafiya zai yi ba.
A naɗe ta kawai.

Na san naɗin nan.
Baudilio, wanda gadonsa ke kusa da nawa a wancan karon,
fata ta ruɓe masa a ƙarƙashin filasta bai sani ba,
sai wari ne ya ba da labari.

Likita Huenchullán ba ta fara da hoton ba.
Ni ta duba. Ta ce, yaya kake zama?
Na ce, ni ai zama ne tafiyata.
Da zama nake zuwa kasuwa,
da zama nake gyara agogon mutane.
In ƙafa ta warke a karkace, keke ba zai karɓe ni ba;
in ta sandare a miƙe, ƙofar shagona ba za ta karɓe ni ba.

Ta ce, ƙashinka ya zama raken da aka tsotse.
Ƙashin da bai ɗaukar nauyi, jiki kwashe shi yake, kaɗan-kaɗan.
Ƙusa na iya zamewa. Rauni na iya ƙin rufewa.
Ban yi maka alkawarin komai ba sai hannuna.
Na ce, na ji alkawuran da suka fi wannan girma,
ba su kai shi nauyi ba.

Suka kashe mini zafin da ba na ji,
don jiki, in ji ta, yana jin abin da mai shi bai ji,
kuma in ya hasala, jini ne ke hawa.
Aka zura ƙarfe ta cikin ɓargo, daga gwiwa zuwa sama,
aka kafa ƙusoshi biyar
da lallashi, kamar a bangon ƙasa bayan ruwan sama.

Kwana na huɗu na koma kan kekena.
Ondina ke duba ɗinkin safe da yamma,
ta taɓa, ta shinshina, ta faɗa mini.
Ita ce wayar yanzu.

Ke kuma, ƙafa, maƙwabciyar da ta daina gaisuwa,
ban yi fushi ba.
Yau na sa miki safa a hankali,
yadda nake mayar da siririn ƙarfen agogo mazauninsa.
Kin zauna daidai a kan matakin keke.

Da rana wani ya kawo agogon da ya tsaya tun rasuwar ubansa,
ya ce, ko ba zai yi tafiya ba, a gyara masa gilashin.
Na ce, ajiye.
Na san aikin.