Ƙofar Fita

Ruwa bai ɗauke ba a Valdivia tun Laraba.
Ni kaɗai ce a ɗakin bincike, ni da gurnanin firji,
da silin jijiyar ɓera kwance cikin ruwan gishiri,
ko gashin gira ya fi shi kauri.

A ƙarƙashin madubi sai ya koma rake:
gaɓa naɗe da farin kitse,
ɗan wuri tsirara,
sai wata gaɓar.
Saƙo ba ya tafiya a nan, tsalle yake,
kamar mai ƙetare rafi bisa duwatsu.

Kowa sodiyam yake yabo.
Shi ke banko ƙofa ya faɗo ciki, shi ne tartsatsin.
To, wa ke gyara wurin bayansa?
Shekara huɗu ina kasa kunne
da tsinin gilashi a wuri ɗaya,
ina jin fotasiyam yana sulalewa waje
ta ƙofofin da ba sa son sakata,
yana mai da gida yadda aka same shi
tun ƙiftawar ido ba ta ɗaura niyya ba.
In bai fita ba, mai zuwa ba shi da masauki.
Sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, ba mai gode masa.

Ɗazu na rage ɗumin ruwan.
Talatin da biyar, ashirin, sha biyar.
Ƙofofin suka yi nauyi,
layin allo ya baje, yana jan ƙafa,
sai ga hannun babana.

Efraín Catrileo, bakin tekun Niebla, watan Yuli,
yana ɗinkin koma kafin gari ya waye.
Ƙullin da yake yi ido rufe
ya gagare shi har sau uku.
Ya zagi yatsunsa, ya cusa su a hammata,
ya ce, "Sun ji ni sarai, taurin kai ne."
Ni ko ina riƙe da fitila, ina ta dariya.

Ba taurin kai ba ne, Baba.
Umarninka da wuri ya taso,
a hanya ya tarar ba a gama fita ba.

Na sako ruwan ɗumi.
Layin ya tsuke, ya miƙe tsaye.
Na rubuta lambar, ƙarfe huɗu saura,
na ɗauki waya, na ajiye.
Barci yake. Ko kuwa ya tashi,
yana gasa hannu a bakin murhu
kafin ya taɓa igiya.